Abdulsalami Mai Agogo da Labarin Manu

Ni Salihu, tela ne, kuma rumfa ɗaya muka zauna da Abdulsalami a bakin tashar Birnin Kudu shekara da shekaru, ni da kekena daga ciki, shi da ɗan teburinsa mai gilashi daga baki. Agogo yake gyarawa da rediyo. Lokacin arzikin mai ya fara shigowa, kowane ma'aikaci ya ɗaura agogo, manomi ma in ya kai amfani kasuwa sai ya dawo da rediyo a rataye, saboda haka aiki bai taɓa yanke masa ba. Amma da karatu mutanen gari suka fi saninsa.

Kawunsa ne ya riƙe shi tun yana ƙarami, ya sa shi a firamare. Ya taɓa gaya mini cewa littafinsa na farko na tatsuniyoyin namun daji ne, ba bango, ya karanta shi har ya haddace. Daga baya akwai wata mai ƙosai a ƙofar makaranta da ke naɗe ƙosai da takardun wani littafin Turanci da aka yar. Shi ba ƙosan ne ya dame shi ba, takardar yake bi. Wata rana ya samu wadda mai ya jiƙa, ya ɗaga ta a rana, ya karanta yadda aka tsinci gawar wani mutum a ɗakin da aka kulle ta ciki. Ragowar labarin ya tafi da ƙosan wasu. Tun daga nan ya kamu da son littattafan binciken kisan kai.

Duk sanda ya je Kano sayen kayan gyara, sai ya dawo da tsofaffin littattafai da ake zubewa a gefen titi. Ya fi son waɗanda mai binciken dattijo ne, ba ya riƙe bindiga, sai dai ya zauna ya yi ta tambaya har mai laifi ya yi suɓul da baka. Bayan azahar yake karatunsa, leɓensa na motsi. In ya kusa ƙarshe sai ya rufe, ya tashi ya zaga tasha hannu a baya, ya dawo ya ce, "Salihu, direban gidan ne." Sannan ya buɗe ya duba. Sau da yawa ba ya dacewa, sai ya yi ta dariya.

Ran kasuwar Gwaram tare muke tafiya a kan babur ɗinsa, ni da ɗinkunan da na gama, shi da akwatin gyara. Bayan la'asar, in ciniki ya lafa, mutane kan taru a gindin durumin da muke zama, ya ba su labarin abin da ya karanta. Sunayen Turawa ba sa zama a kunnen mutane, don haka yakan canza su da namu, garuruwan ma ya mai da su na kusa.

Wata ranar kasuwa, bayan farin nan da ya kashe shanu da 'yan shekaru, ya buɗe wani sabon littafi ya fara. Ya ce akwai wani mai shanu, sunansa Manu, ya taso daga kasuwar Gwaram zai koma wajen Basirka da bijimai biyu da bai samu sayarwa ba. Ina kallonsa na ga littafin ya rufe a kan gwiwarsa bai kula ba. Muryarsa ta yi ƙasa, idonsa na kan ƙasa, kamar mai karanta wani abu a cikin turɓaya.

"Dogo ne," in ji shi, "ƙaramin yatsansa na hagu a guntule. Ɗaya daga cikin bijiman fari ne, ƙahonsa ɗaya a karye. Lokacin ana ta kiɗe-kiɗen samun mulkin kai. Ya saki hanya wajen wasu tsamiyoyi biyu da suka haɗa kai, ya bi ta bayan wata marina. Daga nan ba a sake ganinsa ba. Yana cikin rijiyar baban rini ta ƙarshe, wadda ke kusa da suri."

Sai muka ji ƙwarya ta faɗi. Wata mai tallan nono ce da ake kira Dada, mace mai shekaru, wadda takan tsaya daga bayan taro. Nono na bin ƙafafunta ba ta ko duba ba. Ta ratso mutane ta durƙusa a gabansa.

"Malam, wa ya gaya maka?"

"Inna, labari ne na littafi. Sunan ma yanzu na ƙaga shi."

"Mijina ne," ta ce. "Igiyar saniya ce ta cire masa yatsan. Washegari bijiman suka dawo gida su kaɗai."

Taron ya watse ba wanda ya yi wa wani sallama. A hanyar komawa na tambaye shi abin da ke cikin littafin. Ya tsai da babur, ya ce wani attajiri ne a wani gari mai sanyi aka tsinta a kogi. Babu shanu, babu marina, babu yatsa.

"To daga ina ka samo su?"

"Wallahi ban sani ba. Gani na yi suna fitowa daga bakina."

Daga ranar, duk kasuwa Dada sai ta zo ta zauna nesa kaɗan da akwatin gyaransa. Ba ta roƙo, ba ta kuka, kallonsa kawai take yi har a tashi. Abdulsalami ya rame. Ƙananan kusoshin agogo suka fara suɓuce masa. Ya gaya mini duk inda ya juya warin baba yake ji, har a cikin shayi. Ran nan dai ya miƙe ya je gabanta ya ce, "Inna, ban taɓa zuwa wurin nan ba. Amma mu je, ki ga babu komai, ki huta, ni ma in huta."

Da hantsi muka tafi, mu biyu da Dada da ƙanen mijinta Maikano, da mutanen da dagacin Basirka ya haɗa mu da su. Muka bar babura a bakin hanyar Basirka muka shiga daji da ƙafa. Abdulsalami ne a gaba, kuma bai tsaya ya tambayi kowa hanya ba. Ya kewaye wani kwazazzabo kamar wanda ya saba, ya ce mu yi hankali akwai ƙaya a gaba, kuma akwai ta. Can sai ga tsamiyoyi biyu, rassansu a sarƙe. Bayansu kufai ne, tsofaffin katangu sun zube sun zama tudu. Wani dattijo cikin mutanen dagaci ya ce an fi shekara goma da watsewa daga nan.

Rana tana tsaka, amma wurin shiru, ko kukan kurciya babu. Rijiyoyin marinar suna jere, ƙasa ta cike su, bakinsu har yanzu da sauran shuɗi. Ta ƙarshen tana jikin wani babban suri, kuma ita kaɗai aka danne da duwatsu. Abdulsalami ya nuna ta, ya koma gindin tsamiya ya zauna ya juya mana baya.

Ba a yi nisa da haƙa ba aka fara cin karo da ƙasusuwa. Baba ya rina su, sun yi shuɗi har baƙi-baƙi. Aka fito da wani zoben tagulla da ragowar laya. Dada ta karɓi zoben, ta goge shi da bakin zanenta, ta ce, "Shi ne." Maikano ya fara salati. A ranar aka yi wa Manu sutura.

'Yan sanda sun kira Abdulsalami sun yi masa tambayoyi, amma da aka lissafa, yana ɗan yaro ƙarami sanda abin ya faru, sai suka sallame shi. Gari kuwa ya ɗauka. Wasu suka ce aljanu ne da shi, wasu suka ce littattafan nan ne suka buɗe masa ido. Har aka fara zuwa rumfarmu neman ya faɗi inda ɓatacciyar akuya take.

Shi bai gamsu da ko ɗaya ba. Ya ce in raka shi Wurno wajen mahaifiyarsa, Mero, wadda ke zaune a can tun rasuwar mahaifinsa. Muka same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta riga ta ji labari. Ya zauna a gabanta ya ce, "Inna, a ina aka haife ni?"

Ta amsa tana ɓarar gyaɗarta.

"A can. Babanka marini ne, gonar baba gare shi a bayan marina. Ranar ka bi shi. Na ji an ce shanun wani baƙo sun faɗa gonar, na kuma ji hayaniya daga nesa, sai ta ɗauke. Da yamma ya dawo ɗauke da kai a kafaɗa, jikinka zafi kamar wuta. Bai ce mini komai ba, ban tambaye shi ba. Kafin wata ya mutu muka tashi. Kai kuwa ba ka ƙara furta ko kalma ɗaya ba har wata damina ta zagayo. Shi ya sa na ba wa yayana kai, ko canjin wuri zai buɗe maka baki. Ya buɗe, kuma ba ka taɓa tuna komai ba, na yi ta gode wa Allah."

Na zaci zai ɓoye maganar. Amma kasuwa na zagayowa ya samu Dada, ya durƙusa, ya gaya mata duk abin da mahaifiyarsa ta ce. Ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce wanda ya yi yana gaban Allah, yaro kuwa ba shi da laifin abin da idonsa ya gani. Har ta ɗora ƙwaryarta a ka, sai ta juyo.

"Ya daɗe yana shan wuya?"

"A'a, Inna," in ji shi, da muryar nan ta ranar farko. "Bai daɗe ba. Suna ɗaya ya kira. Ya ce, Hajjo."

Dada ta dafa durumi. Ta ce sanda ya tafi tana da ciki, kuma da safen ranar ya gaya mata in mace aka haifa, sunan mahaifiyarsa za a sa mata, Hajjo. Da aka haihu, kunya ta hana ta ambaton sunan surukarta a gaban maza, aka raɗa wa yarinya Zahara'u. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Abdulsalami bai sake ba da labari a kasuwa ba, masu neman akuya ma suka gaji suka daina zuwa. Ya yi aure a shekarar da ta biyo baya, ya ci gaba da gyaransa har idonsa ya raunana, ya koma sayar da batir da fitilu. 'Yarsa ta fari Hajjo ya sa mata. Dada ta zo suna tun daga Basirka da ƙwaryar man shanu, ta karɓi jaririyar ta daɗe tana dubanta. Har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. In ta zo gidan, daga zaure take ɗaga murya ta ce, "Ina surukata?"