Saƙon Da Ya Iso A Makare

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, mai magana ya dakata. Abin da zan faɗa a gidana ya faru, a Faskari, ba a bakin wani na ji shi ba.

Ɗana namiji guda ne, masara yake ɗauka a babur zuwa kasuwar Sabuwa. Tun da daji ya lalace, duk ranar kasuwa koko ba ya wuce mini maƙogwaro sai na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Ɗiyarsa ta fari ma haka take. Shi ya sa da ta shiga koyon kwamfuta a Ƙanƙara, malaminsu ya ce kowa ya gina shafin intanet mai amfani, ta ce ita na hanyar babanta za ta gina.

Ni ban yi boko ba, amma ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Masu babur da suka riga wucewa za su danna a wayarsu, hanya lafiya ko da mutanen daji. Shafin kuwa ba ya tsayawa jira. Zai aika tambaya ya ci gaba da aikinsa, amsa na zuwa ya sauya launi da kansa, kore ko ja. Na ce wato kamar in aika a ɗebo mini wuta a maƙwabta, ni kuma in ci gaba da surfena.

Ta yi dariya. "Haka ne, Kaka. Sai dai ni ɗan aikena ba ya tsayawa cin tuwon mutane."

Ta sha wuya kafin abin ya yiwu. Wani lokaci shafin ya sandare, wani lokaci sai ta hau tudun bayan gida neman sabis. Da ya fara aiki, uban ya riƙa nuna wa abokan sana'arsa, yana kiranta mai gadin hanya.

Ranar da abin zai faru tana Ƙanƙara. Ɗana ya ɗaure buhu da safe, ya duba waya, ya ga ja. Ya kashe babur ya zauna kusa da ni, har raina ya kwanta. Bai gama shan kokonsa ba launin ya koma kore. Na ce ya ɗan jira abokan tafiya, ya ce kasuwa za ta watse.

"Inna, ɗiyata ce ta ba ni hanya," in ji shi.

Bayan la'asar aka kawo mana shi a kwance. A wata kwana mai duhuwar itatuwa suka tare shi.

Jikata ce ta gano yadda aka yi, tana cikin zaman makoki. Saƙo biyu ne. Wani ya wuce da sassafe, hanya ƙalau, ya danna lafiya, amma a inda babu sabis, sai saƙon ya maƙale a wayarsa. Na bayansa ya hango masu bindiga, ya juyo, ya danna ja, nasa ya iso nan take. Da na farkon ya fita sarari, tsohon saƙonsa ya taso ya danne sabon. Shi shafin, saƙon da ya iso ƙarshe yake gaskatawa. A ajinsu ba su kai wannan darasin ba tukuna.

"Kaka," ta ce, "ban koya masa ya tambayi wa ya riga tasowa ba."

Na ce mata kwana ne ya ƙare. Ta ji, amma ba ta ɗago kai ba. Ta naɗe kwamfutar a zani ta tura ƙarƙashin gado.

Mutumin da ya danna lafiya ya zo gaisuwa, ya kasa haɗa ido da mu; ya bar hanyar, yanzu noma yake a Ketare. Matar ɗana ta gama takaba ta koma danginta a Pauwa da ƙananan yaran. Jikata sai da damina ta wuce ta kwance zanin. Ta gyara shafin, kowane saƙo yana tafe da lokacinsa, koren da ya tsufa kuma ya dushe. Har yau ba ta yarda ta ba kowa shi ba.

Ni kuwa ina wurinta a Ƙanƙara. Ranar kasuwar Sabuwa ba ta dama koko, ni ma ba na tambaya.