Goyon Ciki a Tsibiri

Garinmu ba ya zama tsibiri sai da damina. Da zarar kogi ya cika ya haɗe da fadama, shi ke nan, an rufe mu. Kana tsaye a bakin ruwa kana hango motocin Taura suna wucewa a titi, amma kai da su sai kallo. Kwalekwale ɗaya ne, shi ma na wani tsoho ne da ke zaune a wancan ƙetaren.

Mu a wurinmu, mai lafiya shi ne wanda ya ci tuwo ya miƙe. In kina iya ɗaga tulu, to ƙalau kike. Ni duk 'ya'yana a ɗaki na haife su, ban san ƙofar asibiti ba, har ina tinƙaho da hakan. Wauta dai.

Ƙanwata a Dutse ta yi aure, shekarun da aka mai da garin babban birnin jiha. Mijinta ƙaramin ma'aikaci ne, daga gidan hayarsu da ƙafa ake zuwa asibiti. Tana zuwa awo, aka ce mata jininta yana hawa, kada ta yi nisa. Amma cikin fari ne, mu kuma haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Inna ta aika a kawo mata 'yarta goyon ciki. Mijin ya so ya yi magana, kunyar surukai ta hana shi. Aka kawo ta ana shuka, lokacin ruwan bai wuce gwiwa ba.

Kafin gero ya fid da kai, ƙwayoyin maganin da ta zo da su sun ƙare. Fuskarta ta cika, ƙafafu suka zama kamar turmi. Mata suka yi ta shigowa suna yaba wa Inna, wai ta iya kiwo, yarinya ta yi ɓul-ɓul. Inna tana jin daɗi, tana ƙara mata man shanu a tuwo.

Wata rana ina yi mata kitso ta ce, "Yaya, kaina kamar zai tsage, kuma idona yana yin duhu."

Na samu Inna na ce, "Inna, a mai da yarinyar nan Dutse tun ana iya ƙetarewa."

Ta ce, "Tana ci tana sha, me kuma ake nema? So kike a ce na kasa riƙe 'yata?"

Raina ya ɓaci, har yau kuma in na tuna sai ya ɓaci. Na yi magana har aka ce ba ni da kunya.

Wata rana da hantsi jijjiga ta kama ƙanwata, tana tsakar gida. Aka ce iska ce, aka kawo turare. Da abin ya maimaita, Baba ya sa aka cire ƙyauren ɗaki aka ɗora ta a kai, maza suka ɗauka zuwa bakin ruwa. Kogin ya zo wuya, yana tafe da itatuwa. Aka yi ta ƙwala wa tsohon kira. Ya fito, ya dubi ruwan, ya ɗaga mana hannu alamar ba hali. Ban ga laifinsa ba, da ya shigo da kifewa zai yi.

Mutanen ƙetare suka tsayar mana da motar haya mai zuwa Jahun. Muna ganin direban ya fito ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya yana kallonmu. Na zauna a cikin taɓo na ɗora kanta a cinyata, ina ce mata ga mota can ta zo.

Ya jira mu har azahar, fasinjojinsa suna ta mita, sannan ya rufe ƙofar ya tafi. Bai san cewa tun kafin nan na rufe mata ido ba.