Sunana a Takardar Doya

A tsangayarmu ta aikin gona da ke Shabu akwai wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba: in ka yi takardar bincike, ka sa sunan maƙwabcinka, shi ma in ya yi tasa ya sa naka. Da haka mutum ke zama masanin kiwon kifi bai taɓa leƙa tafki ba. Ni kaina ina da takarda a kan cutar kaji, alhali sanina da kaza bai wuce faranti ba.

Shekarar da nake neman ƙarin girma, takarda ɗaya ta rage mini, kwamiti kuma zai zauna kafin shekara ta ƙare. Wanda muke ofis ɗaya da shi, wani Dakta ɗan ƙabilar Tibi, dattijon coci, yana dab da kammala bincike a kan wani sabon takin doya. Shi kaɗai ya ƙi al'adar, shi ya sa har ɗalibansa suka wuce shi a muƙami. Na sayo lemo mai sanyi na ajiye masa.

"Dakta, takardar nan ba ta jin kaɗaici da suna ɗaya?"

Ya sha lemon tas, sannan ya ce, "Malam, kana da takalmin gona?"

Ranar Asabar ya goya ni a babur zuwa gonar gwajinsa da ke Adogi, ya miƙa mini sikeli da littafi. Doya ɗaya-ɗaya muke tonowa, mu kakkaɓe ƙasa, mu auna. Da rana ta take, na kawo shawara irin ta masu ilimi: mu auna layi biyu, sauran mu ƙiyasta a inuwar mangwaro, ai doya ba ta kai ƙara.

"Ita ba ta kai ƙara," in ji shi. "Amma ni zan tsaya gaban jama'a a coci gobe Lahadi."

Asabar shida na yi ina sunkuyo. Da muka haɗa sakamako, sai ga shi takin da muke gwadawa bai ƙara wa doya komai ba. Na ce a ɗan lallaɓa alƙaluman. Ya ce a sake gwaji baɗi.

Kwamiti ya zauna, ya tsallake ni cikin ladabi.

Bayan shekara biyu takardar ta fito, sunana a ƙasan nasa. Na je yi masa godiya. Bai ko ɗago ba, ya ce ya soma wani binciken a kan rogo, gonar kuma ta fi Adogi nisa, ko ina sha'awa. Na ce masa ni yanzu na koma fannin sharhi a kan abin da wasu suka riga suka rubuta.