Akuyar Kaka da bangon ɗakina

Na shigo ɗakina na tarar da Kaka riƙe da akuyarta, tana goga ƙafar dabbar a bango.

Jiya na shafe ɗakin da shunayya mai haske, irin ta bangon littattafan soyayya. Fenti ya yi tsada, shi ne na zuba maganin nan shunayya da ake sa wa gyambo cikin farar ƙasa.

A hankali na ce, "Kaka, ado ne fa."

Ta ce, "Falmata, ɗaki guda na magani, ga dabba da ciwo, ki ce mini ado? Riƙe ƙahon."

Na riƙe.

Yanzu maƙwabta sun ji labari, tumaki biyu na jira a ƙofa. Don Allah, wane launi ne ba ya warkar da komai?