Manzo da Rumbun Siminti

Manzo maginin rumbu ne, ɗan magini, a wani ƙauye gabas da Keita. Daga ciki yake gini. Sai ya tsaya a tsakiya, ya ɗora zobe ɗaya na laka, ya bar shi ya sha rana, kashegari ya ƙara wani. A zamanin nan har daga Buza ake aiko masa, don rumbunsa bai taɓa tsagewa ba.

A shekarar 1996 wata ƙungiya ta ƙudura gina gidan tarihi, tafiyar rabin yini daga ƙauyensu, inda za a ajiye tsofaffin garemani da kayan saƙa. Aka turo injiniya daga Yamai, Sulaiman, da ordinatar, wato kwamfuta. Ya auna rumbun Manzo ta kowane gefe, na'urar ta zana shi, ta ninka girmansa sau uku. A siffar rumbun nan za a gina gidan tarihin, da siminti da ƙarfe, amma hannun Manzo ake so.

"Baba, takarda ta san awo, kai ka san lanƙwasa," in ji Sulaiman.

"To ita takardar taka, ta taɓa kwaɓa ƙasa?"

"Ba ta taɓa ba. Don haka munka zo gare ka."

Bango ya kai kafaɗa, sai aka kira Sulaiman zuwa garin Tawa na sati guda. Ya bar sallahu a riƙa zuba wa ginin ruwa safe da yamma. Manzo ya ɗauka shirmen 'yan lakwal ne, masu karatun boko. Wa ya taɓa jiƙa sabon gini? Ga shi watan Afrilu, mata na tafiyar kilomita huɗu kan tulu ɗaya. Ya hana lebura taɓa gangar ruwa.

"Ku bar shi ya sha rana, nan ƙarfinai yake."

A kwana na biyar bangon ya tsage daga sama har ƙasa.

Da Sulaiman ya dawo, bai yi faɗa ba. Ya sa yatsa cikin tsagar, ya ce, "Baba, ƙasa rana take so, wanga kuwa ruwa." Ya ce zai rubuta wa manyansa, kafin amsa ta zo ba rushewa, ba ci gaba. Ya damƙa wa Manzo makullin ɗakin kaya, ya tafi.

Amsa ba ta zo ba a shekarar, ba ta zo a ta biyu ba. Manzo kuwa ya zauna a wurin ginin yana jira. Masu neman rumbu sukan hango tsagar daga hanya, su wuce wurin wani.

Matarsa Lalla ta biyo shi da fura. "Malam, ka mai da musu makullinsu ka taho gida."

"In mai da ma wa? In na tashi, sai a ce Manzo ya ɓata ya gudu. Su ba ni kwana goma kawai, da ruwa, in gyara."

Kafin kaka ta uku, rumbun gidansu ya yi musu kaɗan. Lalla ta jira shi har aka fara yankan gero, sannan ta aika a kira wani magini.