Sunan da nake kaiwa ƙofar coci

Shekara tara ke nan cif da rasuwar kakata Agnes, wadda Sabon Gari ta sani da Mama Sakatare. Ita ta haifi mahaifiyata, wadda ta musulunta ta auri babana a Fagge. Haka na tashi da kakanni biyu masu jan carbi, kowacce da irin nata.

Ta fi shekara talatin tana buga tafireta a ofishin wata makarantar mishan. Mace ce mai kafiya. Harafi ɗaya ta kuskure a takardar shaidar yaro, sai ta yage ta sake, ko da hedimasta na tsaye a kanta yana huci. Da za ta ga yadda ake tura sakamakon yara ta waya yanzu, na san tsaki kawai za ta ja.

Ran Asabar nakan wuni a wurinta. Da an kira salla ita ke tashina, ta shimfiɗa mini wankakken zanenta, ta rage rediyo. Ko da wasa ba ta taɓa ce mini in bi ta coci ba.

Abu ɗaya ta roƙe ni, tana kwance a asibiti. A cocinsu na Katolika, idan ranar rasuwar mutum ta zagayo, dangi kan rubuta sunansa su kai, Fada, wato limaminsu, ya ambace shi a addu'ar safe. 'Ya'yanta maza sun watse, wani Legas wani Turai, mahaifiyata kuwa ta riga ta rasuwa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Binta, ban ce ki shiga ba. Ki dai kai sunan."

Shekara takwas ina miƙa wa ƙawarta Madam Cecilia, mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, ita take shigar da shi. Bara ciwon ƙafa ya kayar da ita, 'ya'yanta suka mayar da ita garinsu. Na kira kawuna na Legas, ya ce zai yi a can, da irin muryar da ake sallamar mai talla. Na tambayi malaminmu na Islamiyya. Ya ce cika alkawari wajibi ne. Da na kawo zancen in roƙa mata gafara da bakina, sai ya sunkuyar da kai, na kuwa gane ba halin yin haka.

Makon jiya na hau adaidaita sahu na je da kaina. Na tsaya a bakin ƙofa da hijabina, ana ta kallona, ban kuma ga laifinsu ba, garin nan ya koya mana tsoron juna. Mai gadi ya kira wata mata daga ofis. Ta karɓi takardar cikin ladabi, ta karanta, ta ɗago ta ce, "Hajiya, wace ce ita?"

Matar da ta yi shekara arba'in tana durƙusawa a sahun gaba na cocin nan. Na bar mata takardar, na juyo gida.

Ban sani ba ko an ambace ta. Abin da na sani, masu iya yi mata addu'ar ba su san ta ba, ni da na san ta ba zan iya ba. Wallahi abin yana ci mini rai, kuma ba ni da yadda zan yi.

Ni ma ƙafar ta fara nauyi. Jiya na tambayi babbar 'yata ko za ta riƙa kai sunan bayan raina. Ta ce, "Umma, kada in ɗauki abin da ba zan cika ba."