Ranar da Na Yi Maye a Ajingi Ban Sha Komai Ba

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanya daga Kano, ni da wani aminina, a 'yar motarsa. Gaya muka nufa, daga can mu wuce Ajingi. Ni rakiya ce tawa, shi ne mai aikin. Bari in fara gabatar muku da shi, don duk abin da ya same mu a tafiyar nan daga tarihinsa ya taso.

Aminin nawa ya yi shekaru yana kai wa baƙi abinci a wani babban otal a Abuja. Dokar otal ɗin, duk wanda zai ɗauki tire sai ya yi kwas a kan yadda ake sayar da giya ba tare da an cutar da mai sha ko jama'a ba, sannan a ba shi takardar shaida. Ya yi kwas ɗin, aka ba shi takarda mai adon zinare a gefe. Shi kuwa ko warin abin ba ya so, aikin ma ya ajiye shi ne don zuciyarsa ta ƙi kwanciya da shi. Ya dawo Kano ya koma koya wa masu zoɓo da kunun aya tsafta da adana kaya. Wata ƙungiyar masu sayar da kayan sha ta wannan yankin ce ta gayyace shi ya horar da mambobinta, yawancinsu mata, a ba su takardar da za ta buɗe musu hanyar kai kaya makarantu da wuraren biki.

Tsakiyar bazara ce, tun da safe iska take da ɗumi. Dama da hagu manoma sun share gonaki sun jibge taki, kowa yana leƙen gabas. Mangwaro kuwa ya cika bakin titi, shi kaɗai ne abin da talaka zai taya bana bai ji kunya ba. A Wudil muka tsaya don soyayyen kifi. Da na ji farashi sai na ce wa mai kifin ai ni guda ɗaya na tambaya, ba tiren duka ba. Ya ce shi ma guda ɗayan ya faɗa mini. Muka sayi mangwaro muka wuce.

Da hantsi muka shiga Gaya. Sakataren ƙungiyar ya tarye mu wajen mai koko da ƙosai, wani malamin firamare mai fara'a, aljihunsa cike da birurruka. Muna cikin karyawa ya dubi aminina ya ce, "Yallaɓai, na yi maka tallan da ba a taɓa yi wa kowa ba. Takardun da ka turo mini ta waya duk na fassara su na ba mai shela. Ya zaga kasuwar Ajingi da lasifika, har Toranke ya je."

Aminina ya ce, "Duka?"

"Duka. Ta Abujar nan ma ita na sa a gaba, don ita ce mai zinare."

"Me ka ce ya faɗa?"

Sakatare ya gyara murya. "Ƙwararren masanin sayar da giya, mai takardar shaida daga Abuja, zai zo ya horar da matan aure."

Ƙosai ya tsaya wa aminina a maƙogwaro, sai da na bubbuga masa baya. Sakatare ya ƙara da cewa shi dai abin da ya ba shi mamaki, tun ranar shelar magidanta da yawa suka hana matansu zuwa, bai san dalili ba. Ni shawarata a take ita ce mu juya, tun da motar tana kallon Kano. Aminina ya ce idan ya juya, sunan ya zauna masa har abada, kuma matan da suka daɗe suna jiran takardar nan sun yi asara a banza. Na so in ce masa ni ba sunana aka yi shela da shi ba, amma makullin mota yana hannunsa.

Hanyar Ajingi ba ta da nisa, sai dai ramukanta suna sa mutum ya san kowane ƙashi na jikinsa. Babura suna wuce mu da buhunan gyaɗa, motocin haya masu zuwa Kano sun cika har bayan but. Sakatare, da muka ɗauko a motarmu, yana ta nuna mana gonakin danginsa. Salati nake yi a zuci.

A harabar wata firamare aka shirya taron, ƙarƙashin darbejiya. Mata ba su fi a ƙirga da yatsu ba, amma maza sun cika wurin. A gaba limamin unguwar ne a kan tabarma, dattijo mai farin gemu, dattawa sun kewaye shi, babu mai murmushi. Can baya kuma wasu samari ne, da ganin fuskarsu ka san su ba faɗa ya kawo su ba, fata ne. Ɗaya har da jarka ya zo.

Bayan gaisuwa liman ya ce, "Ɗana, mun ji shela. Gaskiya ne kana da takardar sayar da giya?"

Aminina ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, gaskiya ne. Aiki ne ya tilasta mini, kuma na bar aikin. Amma tun daga ranar farko har ta ƙarshe, abin da aka koya mana shi ne yadda ake hana mutum. Yaro, a hana shi. Wanda zai tuƙa mota, a hana shi. Wanda ya fara layi, a hana shi."

Liman ya shafa gemu ya ce, "To ai mu nan mun riga su, kowa ma hana shi muke yi." Dattawa suka ɗan motsa. Mai jarka ya tura jarkarsa bayan ƙafa. Liman ya ce, "Amma magana ba ta isa ba. Nuna mana hanin da aka koya maka."

Aminina ya ce yana buƙatar mutum ɗaya ya fito ya kwaikwayi mashayi. Jama'a, ban taɓa ganin taro ya yi tsit irin wannan ba. Kowa ya gane tarkon: duk wanda ya iya kwaikwayon, za a tambaye shi inda ya sani. Wani ya kama duba wayarsa, wani ya kafa wa darbejiya ido kamar yau ya fara ganinta. Sai aminina ya juyo ya kalle ni.

Ni ban taɓa sha ba, Allah shaida ne, amma na sha ganinsu a tasha. Na yi niyyar in ɗan yi layi kaɗan in zauna. Da na ji an fara dariya sai abin ya shige ni. Na karkace hula, na yar da takalmi ɗaya, na rungume darbejiya na tambaye ta ya iyali. Na daki tebur na ce a ƙaro mini, sannan na fisgi makullin babur ɗin wani magidanci na ce gida zan tafi.

Aminina bai ɗaga murya ba. Ya matso kusa, ya ja ni gefe inda ba kowa zai ji ba, ya kira ni da girmamawa, ya ce yau dai ya rufe ciniki da ni, gobe ma rana ce. Ya miƙo mini ruwa. Ina sha ya zare makullin daga hannuna, ya tambaye ni wa zai kira ya kai ni gida. Ko sau ɗaya bai ce mini na bugu ba. Wallahi duk da wasa nake, sai na ji babu abin da zan kama in yi faɗa a kai.

Liman ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce wa aminina, "Kai na fahimce ka, Allah ya yi maka albarka. Amma wannan abokin naka, shi a ina ya yi nasa kwas ɗin?"

Wurin ya kece da dariya, har da dattawa. Ni dai takalmina nake nema.

Ana cikin haka wani magidanci mai kemis ya miƙe, fuskarsa babu wasa. Ya ce shi giya ba ta dame shi ba, maganin tari ne ya dame shi. Yaran da aka haifa a gabansa suke zuwa saya su zuba a lemo. Idan ya hana su da tsawa, su jefe masa shago. Idan ya sayar, ba ya iya kallon iyayensu a masallaci. Nan fa taron ya zama na gaske. Aminina ya zauna da shi suka bi abin dalla-dalla: kada ka tozarta shi a gaban abokansa, ka ce dokar shagonka ce ba shi ka tsana ba, kuma duk masu shagon layin ku haɗa baki, don kada ya bar naka ya samu a na gaba. Wani mai shayi ya sa baki, wani mai lemo ma haka.

Kafin azahar magidanta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, suna dawowa da matansu a bayan babur, kowacce rungume da kularta. Aka yi horon da aka zo yi: wanke robobi, tafasa ruwa, da yadda kunun aya yake juyawa a wannan zafin idan ya wuni babu ƙanƙara, har ya fara kumfa yana ɗaukar kai. Wata dattijuwa ta dafe ƙirji ta ce ashe shi ya sa mijinta yake son na yamma. Aka raba takardu, aka ciyar da mu dambu da fura mai sanyi, muka yi sallama.

Tafiyar nan ta koya mini cewa hani ma sana'a ce. Kowa ya iya cewa a'a, amma kaɗan ne suka iya faɗarta mutum ya tafi da mutuncinsa. Ta kuma koya mini cewa a zamanin nan babu taron da babu mai ɗaukar bidiyo.

Ana kiran magariba na shiga gida. Na tarar da uwargida a tsakar gida riƙe da waya, a ciki ga ni nan ina rungume da bishiya. Yayarta ce ta turo mata, ita ma daga rukunin hirar waya na matan unguwarsu ta samu. Ta dube ni tun daga hula har takalmi ta ce, "Sannu da zuwa. Matso kusa ka yi mini hah."